Wata goma sha huɗu ina aiki da injin lanƙwasa akirilik: ga abin da na gani

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin allon shaguna da kayan akirilik, wato robar nan mai kama da gilashi, a Kano, kuma kusan duk tsawon wannan lokaci da hannu nake lanƙwasawa. Wayar hita muke miƙewa a tsakanin katako biyu, mu ɗora fallen akirilik a kai, mu tsaya muna ɗan taɓawa har ya yi laushi, sannan mu danna shi a jikin ƙirar da kafinta ya yi mana, mu riƙe har ya huce. Haka na koya a wurin maigidana, haka ni ma na koya wa yarana. Bara na sayi injin da ke yin wannan aiki da kansa, kuma tun ranar da aka sauke shi a ƙofar shago abokan sana'a ke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Na daɗe ina ce musu su bari in ga hunturu da bazara da damina da shi tukuna. To yanzu na gani.

Wani aiki ne ya tura ni sayensa. Wani dillalin wayar salula a Farm Centre ya ba ni odar maɗoran waya guda ɗari huɗu, irin ƙananan nan da ake jerawa a cikin gilashin kanti. Mun yi kwana tara a kansu ni da yara uku. Kowanne in ka ɗauka shi kaɗai ba ka ganin aibu. Amma da ya jera su a layi ɗaya ƙarƙashin fitila, sai ga wannan ya ɗan sunkuya, wancan ya ɗan ɗaga kai, wayoyin da ke kai kowacce da inda take kallo. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, aikinka na da kyau, amma ba ɗaya ba ne." Ya ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya ce a sake. Gaskiyarsa ce. Hannun mutum yana gajiya, ido yana gajiya, kuma wanda aka lanƙwasa da ƙarfe tara na safe ba zai zama daidai da na bayan la'asar ba, ko da mutum ɗaya ne ya yi su.

Injin daga Chaina ya zo, ta hannun wani ɗan'uwa da ke zuwa Gwanzu saro kaya, ya biyo jirgin ruwa zuwa Legas, daga can mota ta kawo shi Kano. Ba zan kama sunan kamfani ba, domin irin wannan ƙirar ana sayar da ita da sunaye da yawa, kuma abin da zan faɗa ya shafi kusan dukkansu. Tebur ne na ƙarfe mai ɗaukar faɗin falle, wato ƙafa huɗu. A tsakiyarsa akwai tsaga, a cikin tsagar akwai dogon bututun gilashi da ke yin ja yana fitar da zafi, da wani irinsa a sama da ake saukewa idan fallen mai kauri ne. A gefe da gefen tsagar akwai sanduna biyu da ruwa ke zagayawa a cikinsu, aikinsu su hana zafi bazuwa, ya tsaya a layin da kake so kawai. Sai hannun ƙarfe da iskar kwamfuresa ke ɗagawa, shi ne yake naɗe fallen zuwa kusurwar da ka zaɓa. A ƙaramin allon taɓawa kake saka abu huɗu: yawan zafi, tsawon lokacin gasawa, digirin kusurwa, da lokacin da zai riƙe kafin ya saki. Ka ajiye wannan a ƙwaƙwalwarsa, gobe ka kira shi da lamba.

A nan ne na fi yaba masa, kuma ba zan rage masa komai ba. Idan ka samu saitin da ya dace, na farko da na ɗari uku ɗaya suke fita. Dillalin nan ya dawo da wata odar bayan wata biyu, muka gama a kwana biyu da rabi, ya jera su a gabana ya duƙa yana leƙen layin ta gefe, bai cire ko ɗaya ba. Layin lanƙwasar ma ya fi na hannu tsafta nesa ba kusa ba, saboda ruwan nan da ke tsare gefuna. A da, zafin waya kan yaɗu ya bar wani ɗan kumburi a kusa da kwanar, wanda ake gani idan haske ya bugi kayan. Yanzu kwanar siririya ce, sauran jikin fallen kuma yana nan sumul kamar ba a kai shi kusa da wuta ba. Masu sayar da gwal da masu turaren wuta da humra su suka fi lura da wannan, domin su kayansu ido ne ke saya. Wata Hajiya mai haɗa kayan lefe ta juya akwatin da muka yi mata ta ce, "Wannan a nan Kano aka yi shi?" Na ji daɗin tambayar ƙwarai.

Sai dai kalmar da dillalai ke tallata shi da ita, wai mai sarrafa kansa, ta fi ƙarfin abin da yake yi. Injin bai san wane falle ka ɗora masa ba. Akirilik, wanda tsofaffin masu sana'a har yau suke kira Perspex da sunan wani samfurinsa na Ingila da ya shahara, iri biyu ne a kasuwa. Akwai na zubi, wanda ake zuba ruwan sinadarin tsakanin gilasai biyu ya daskare, akwai kuma na matsa, wanda ake narkar da ƙwayoyin roba a tura su ta bakin inji su fito falle. Na matsa ya fi araha, ya fi saurin laushi, kuma kaurinsa ya fi daidaito. Na zubi ya fi jure zafi, ya fi kyau a zanen leza, wato injin da ke yanka da zane da haske, domin rubutunsa kan fito fari tas, amma kaurinsa kan ɗan bambanta ko a falle ɗaya. Dukkansu sukan fara sakin jiki da zafi ya haura digiri 100 kaɗan, amma ba sa lanƙwasuwa yadda ya kamata sai wajen 150 zuwa 170, na matsa a ƙasa-ƙasa, na zubi a sama-sama. Ka ga ke nan saitin da ya yi wa wannan daidai zai ƙona wancan ko ya bar shi ɗanye. A kasuwa kuwa sau da yawa ba a rubuta komai a jikin ledar. Za a ce maka milimita uku ne, ka auna ka ga bai cika ba. Wannan ɗan bambancin ya isa ya ɓata maka kaya, domin injin daƙiƙoƙin da ka ba shi zai ƙirga, ba laushin falle zai duba ba.

Ma'aunin zafin da ke allon ma yana iya ruɗar sabon shiga. Lambar da kake gani ta kusa da bututun ce, ba ta jikin akirilik ɗin ba. Makon farko na yi asarar falle guda cur kafin in gane haka. Idan zafi ya yi yawa, sai ƙananan kumfa su fito a layin kamar ƙuraje, kuma babu gyara, sai dai a jefar. Idan bai isa ba, abin ya fi muni, domin hannun ƙarfen ba ya jin tauri kamar yadda hannun mutum ke ji. Mutum in ya ji falle yana turjewa sai ya mayar kan wuta. Shi kuwa inji zai danna da ƙarfin iska, kayan ya fito da kyau a ido, amma da wahala a ɓoye a cikin kwanar. Bayan kwana biyu, ko ranar da aka sa masa gam, ko aka goge shi da wani abu mai sinadarin giya, sai ka ga ƙananan tsaga sun cika wurin kamar saƙar gizo-gizo. Wannan ya fi faruwa a kayan da aka yanka da leza, don gefen da leza ta bi shi ma yana ɗauke da irin wannan wahalar. Yanzu doka ce a shagona: duk sabon falle sai an yanki ƙyalle uku an gwada, an ɗiga musu gam an ajiye, kafin a taɓa kayan mutane.

Littafi na saya na musamman saboda wannan. Kowane saiti da ya yi kyau muna rubuta shi da kaurin falle, da launinsa, da wurin da aka saya, da watan da aka yi. Launi ma yana da tasiri: baƙi ya fi saurin shan zafin bututun, garau kuwa yakan ɗauki lokaci. Littafin nan ya zama mini kamar rabin injin.

Batun rubuta watan da aka yi saitin kuwa, ga dalili. Wanda ya ƙera injin bai zauna a Kano ba. A watan Disamba da Janairu, da sassafe, falle kan kwana a sanyi, sai ya buƙaci ƙarin lokaci kafin zafi ya ratsa shi. A Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, saitin hunturu zai ƙona maka kaya, kuma ruwan tankin kansa kan yi ɗumi kafin azahar, ya daina tsare gefuna yadda ya kamata. Mukan sauya ruwan sau biyu a yini, wani lokaci mu jefa ƙanƙara. Ga fanka. A wannan zafi dole mu kashe fankar da ke kusa da injin, domin iskarta tana sanyaya gefe ɗaya na layin, kayan ya fito a karkace. Yarana sun sha wahalar wannan, kuma ina tausaya musu, shi ya sa na mayar da aikin lanƙwasa zuwa safiya a lokacin bazara. Da damina kuma wata matsalar ce: akirilik yana shan danshi a hankali, musamman wanda ya daɗe a ajiye a wuri mai laima, kuma wannan danshin shi ke zama tururi ya fito da kumfa ko da zafin daidai yake. A Agusta sai na rage zafi na ƙara lokaci. Tankin kwamfuresa shi ma yana tara ruwa, in ba a zubar kullum ba sai hannun ƙarfen ya fara motsi yana tsayawa.

Ƙurar hunturu kuwa ita ce babbar abokiyar gaba. Da ka ɓare leda daga jikin akirilik sai ya fara janyo ƙura da kansa, kuma duk ƙwayar da ta sauka a kan layi mai laushi ta zauna ke nan har abada. A baƙin falle mai sheƙi ana ganinta daga nesa. Sai da na kewaye wurin injin da labulen roba, kuma muka koma ɓare ledar a iya layin da za a gasa kawai, sauran mu bar ta har kaya ya isa hannun mai shi.

Yanzu wuta. Duk wanda zai sayi wannan inji a garin nan ya fara lissafin wuta kafin lissafin kuɗin injin. An yi shi ne don ƙarfin 220, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne zafin hita yana faɗuwa fiye da yadda ƙarfin wutar ya faɗi. Idan wuta ta sauka zuwa 180, kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin ya tafi. Injin zai yi ƙoƙarin cikewa, amma agogonsa ba ya jira, lokaci na cika zai naɗe falle ɗanye. Kafin in sa masa babban sitabilaiza na yi ta zargin kayan da nake saya, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, famfon ruwa zai tsaya alhali bututun na nan da zafinsa, don haka dole a janye fallen nan take. Janareto ƙarami ba ya ɗaukarsa tare da kwamfuresa da leza. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin kowane yunit na wutar rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 a Afrilun 2024, babu mai shagon da zai kunna irin wannan inji don kaya biyar. Mu tara aiki muke yi: ranar lanƙwasa daban, a kunna sau ɗaya a yi ta yi har a gama.

Ruwan ma ba kowanne ba. Da farko na rijiyar burtsatse muke zubawa, bayan 'yan watanni sai ruwan ya rage gudu, muka kwance muka tarar da farin dattin nan irin na cikin buta ya fara toshe hanya. Yanzu tataccen ruwa muke sawa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kayan gyara. Bututun gilashin nan ba ya son bugu ko kaɗan. A wata na biyar wani falle mai kauri ya zame daga hannun yaro ya fasa na ƙasa. Na zaga France Road da cikin Sabon Gari, na samu masu kama da shi, amma ba tsawonsa ba, ba ƙarfinsa ba. Sai da aka yi mako uku kafin wani ya taho mini da shi a jaka daga Chaina, mu kuwa muka koma kan tsohuwar wayarmu. Wanda ya sayar mini yana amsa saƙo, ba zan yi masa ƙarya ba, amma taimakonsa bidiyo ne ta WhatsApp, kuma littafin da ya zo da injin fassara ce da ba ta fita. Ko allon taɓawar sai da muka yi kwana biyu kafin mu mayar da shi Turanci. Wani mai gyaran injinan masana'anta daga Sharaɗa shi ya zama likitansa, kuma ya ce mini yawancin kayan wutar da na iskar ba baƙi ba ne, ana samun irinsu a gari. Bututun ne kawai matsala. Da na san haka da guda huɗu zan sa a cikin akwatin tun farko, domin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da mako uku na zaman jira.

Akwai kuma aikin da bai iya ba, kuma dillali ba zai faɗa maka ba. Layi miƙaƙƙe kawai yake yi. Duk abin da ke buƙatar zagaye mai faɗi, kamar gaban mumbari ko murfin fitila, aikin tanda ne da ƙira, ba nasa ba. Haruffan allon shago masu lanƙwasa ma wani inji ne daban. Akwati mai kwana huɗu kusa da juna yakan gagare shi, saboda gefen da aka riga aka naɗe yana tokare hannun ƙarfen, sai mu yi biyu a inji, biyu a hannu. Dogon layi kuma, wanda ya kusa cika faɗin tebur, yakan so ya yi baka yayin hucewa, musamman a falle na matsa, don haka sai an ƙara lokacin riƙewa sosai. Falle mai milimita takwas ko goma yana yi, amma da bututu biyu da haƙuri, kuma a wannan kaurin saurinsa bai fi na hannu da wani abin kirki ba, tsaftar ce kawai ribar. Ƙaramin abu ɗaya da littafin bai ambata ba: akirilik yana ɗan buɗewa bayan an sake shi, don haka in kana son digiri 90 sai ka ƙara masa ɗaya ko biyu.

Hatsari kuwa kada a raina shi. Akirilik yana cin wuta sosai. Duk wanda ya ga abin da gobara ta yi wa kasuwar Sabon Gari a Maris na 2016 ba zai bar bututu mai ja a kunne ya tafi salla ba. A shagona mutum ɗaya yana tsaye muddin injin na kunne, tukunyar kashe gobara na rataye a gefensa, kuma ba a tara ɓarɓashin yanka a ƙarƙashinsa. Hannun ƙarfen ma ba ya bambance falle da yatsa. Ranar farko na tara yaran na sa guntun katako a wurin na danna maɓalli, suka ga abin da ya yi masa. Ban sake maimaita gargaɗin ba.

Babban yarona ya tambaye ni a farkon zuwan injin, cikin ladabi amma na ga damuwa a fuskarsa: "Maigida, to mu yanzu mene ne aikinmu?" Ban sallami kowa ba, kuma ban ga dalili ba. Shi ne ma yanzu mai riƙe da littafin saiti, don shi ya fi kowa sanin laushin falle da ido, ilimin da ya samu a shekarunsa kan wayar hita. Sababbin yara kuwa ba na barinsu su taɓa injin sai sun yi wata uku suna lanƙwasawa da hannu. Wanda bai taɓa jin falle yana sakin jiki a tafinsa ba, ba zai gane lokacin da lambar da ke allo ta daina faɗin gaskiya ba.

Ga masu tambayata ko su saya, amsata ta danganta da irin aikin da ke shigo musu. Idan kana samun oda mai yawa iri ɗaya, maɗoran waya, maɗoran takardar abinci na gidajen cin abinci, akwatunan taimakon masallaci, tiren dabino gabanin azumi, mazaunin na'urar POS, to zai biya kansa, kuma zai kawo maka irin kwastomomin da a da Legas suke aika aikinsu. Ni ya kawo mini su. Idan kuwa aikinka ɗaya-ɗaya ne, yau allon kanti gobe kambun girmamawa, kuɗinka zai kwanta ne kawai. Gara ka sayi ƙaramin mai ruwa wanda ba ya naɗewa da kansa, zai ba ka tsaftar layin da kaso kaɗan na kuɗin, ka naɗe da hannu a kan ƙira mai kyau. Wanda ya yanke shawarar saye kuma, ya sa sitabilaiza da kwamfuresa da bututun ajiya a cikin lissafi tun farko, ya tabbatar na layin wuta ɗaya ne ba na uku ba in shagonsa ba shi da shi, kuma ya nemi a tura masa bidiyon injin yana lanƙwasa kaurin da shi yake aiki da shi, ba siririn da suka saba nunawa ba.

Tsohuwar wayar tamu tana nan a jingine bayan ƙofa, na sa an canza mata katako. Makon jiya ma da ita muka ƙarasa lanƙwasa kusurwoyi biyu na ƙarshe na wasu akwatunan lefe goma sha biyu, bayan injin ya yi na farkon.